Yaya Hajo Mai Gidan Gaba

Kafin Yaya Hajo ta shiga kowace mota sai ta shinshine ta. Duk wanda ya taɓa ganinta a tashar Gwandu ya san haka. Za ta zo da lulluɓinta, citta a kumatu, lemun tsami a tafin hannu, ta zagaye motar kamar mai taya saniya a kara, sannan ta cusa kai ta taga ta ja numfashi. In ta ji warin fetur, ko turaren nan da direbobi ke ratayawa jikin madubi, sai ta ja baya ta tofar da yawu.

"Wagga ba ta yi ba."

"Haba Inna, jiya-jiya na wanke ta!"

"Da fetur ka wanke ta? Kawo wata."

Sai ka ce motocin tashar duka gadon ubanmu ne. Ni kuwa Kulu, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, ina tsaye bayanta da buta da leda, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ku 'ya'yan Balkisu, tun da kakarku Hajo ta rasu, duk sanda kuka taru sai an tayar da labarinta da mota, a yi ta dariya har da riƙe ciki. Ban hana ba, ni ma na yi. Amma ni na riƙa mata butar, ba ku ba. Don haka ku natsu in faɗa muku yadda abin yake.

Yaya ba raguwa ba ce. Matar da za ta ɗauko damin dawa tun daga gonarmu ta hanyar Masama har cikin gida ba ta sauke ba. Ta hau jaki, ta hau amalanke, ba abin da ya taɓa samunta. Amma da an rufe ƙofar mota an tashi, tun ba a bar gari ba, sai zufa ta keto mata, yawu ya cika baki, kai ya kama juyawa, sai hamma, sai amai. In ta sauka kuma wuni za ta yi kwance kamar wadda aka yi wa dukan tsiya.

Ba maganin da ba a kawo mata ba. Wasu suka ce iskokin hanya ne, aka yi rubutu ta sha. Wata ta ce ta zauna kan kwali. Wata ta ce ta ɗaure cibiya da tsumma. Wata tsohuwa daga Dodoru ta rantse da Allah in ta sa tsakuwa ƙarƙashin harshe an gama. Ta sa. Da muka dawo tsohuwar ta zo jin labari.

"Hajo, yaya tsakuwata?"

"Tana bakin hanyar Ambursa tare da kalacina. In kina so ki je ki ɗauko."

Daga nan ta bar sauraren kowa, ta zauna ta yi wa ciwonta bincike da kanta, kamar yadda take binciken wanda ya taɓa mata daddawa. Ga abin da ta gano, kuma ba wanda ya isa ya kauda ta daga kai har ta koma ga Allah.

"Kulu, gardama ce. In kina gidan baya, idonki ƙeyar mutum yake gani, sai ya ce zaune muke. Jiki kuwa yana jin ana jijjiga shi ana karkata shi, sai ya ce ƙarya kake, gudu muke. Zuciya ta rasa wa za ta gaskata, sai ta tashi. To ki ba ido hanya ya gani da kansa, a daina musu."

Sai ta kafa dokokinta. Ba a shiga mota da ciki dam, ba a kuma shiga da ciki wayam. Ɗan ɗumame kaɗan, shi ke nan. Ban da ƙosai, ban da fura da nono, ban da duk abin da ya ga mai. Gilashi a sauke ko da sanyi na yanka kunne. Kai a jingine, kada ya yi ta rawa. Kada a dubi itatuwan da ke gudu a gefe, kada a sunkuya. A kafa ido can nesa, inda hanya ta haɗu da sama. Gaskiya kuwa abin ya rage mata, ban da ranar da aka samu direba mai cin birki kamar yana daka.

To amma ina ake ganin hanya sosai? Gidan gaba, kusa da direba. Kun kuwa san yadda muke. Gidan gaba na maza ne, na alhazai da malamai. Mu mata a cusa mu baya da goyo da kaji. Mace, bazawara kuma, ta zauna kafaɗa da kafaɗa da direba? A lokacin ba wadda ta taɓa yi a unguwarmu.

Ranar farko muka iske wani Alhaji dillalin albasa ya riga ya bararraje a gaba, babbar rigarsa fara ƙal ta sha guga. Yaya ta durƙusa ta gaishe shi har ƙasa, don ba ta da rashin kunya.

"Alhaji, don Allah ka ba ni wanga wuri. Mota tana tayar min da zuciya."

"Mi? Ke Hajiya, mace a gaba? Ina aka taɓa yi?"

"To ba komai, Allah ya huci zuciyarka. Kulu, matsa in zauna daidai bayan Alhaji." Ta shiga, ta gyara zama, ta leƙo ta saman kafaɗarsa. "Kai, wagga shadda ta yi kyau. Sabuwa ce? Allah ya sa tana wankuwa."

Alhaji ya dubi rigarsa, ya dubi ledar da ke hannuna. Sai ya buɗe ƙofa ya dawo baya, ya maƙale can jikin taga yana tattare hannun riga. Tun daga ranar direbobi suka sa mata Mai Gidan Gaba. In suka hango ta sai ka ji ana, "A tashi, a tashi, mai wuri ta zo!"

Magana ta kai kunnen wanmu Malam Sani, Allah ya jiƙansa, ya zo har ɗaki yana huci.

"Hajo, kin zubar mana da mutunci. Ana cewa kina zama jikin direbobi. Ba ki tsoron Shaiɗan?"

"Malam, matar da ke riƙe da amai a maƙogwaro, Shaiɗan ma gidan baya yake komawa."

Malam ya nemi takalmansa.

Akwai kuma ranar wata ɗalibar jami'ar nan ta Kalgo, yarinya mai hankali, tana baya kusa da ni ta sunkuya kan wayarta. Kafin mu yi nisa na ga leɓenta ya bushe tana haɗiyar yawu. Yaya ko waiwayowa ba ta yi ba, don ba ta juya kai a mota, amma ta ji tana hamma.

"Kulu, wace ce ke hamma nan baya? Karɓe abin da take kallo. Ke ɗiyata, ɗaga kai ki dubi gaba. Ungo lemu ki shaƙa."

Da yarinyar ta ɗan samu kanta suka kama hira. Ta ce wa Yaya maganarta gaskiya ce, sai dai ba jiki duka ke gardama da ido ba. An koya musu wai akwai wani ɗan ruwa can cikin kunne da ke gaya wa mutum ko tsaye yake ko karkace, shi ne ke saɓawa da ido. Yaya ta ji daɗin wannan magana ƙwarai. Har muka sauka tana sa wa yarinyar albarka.

Tafiya ta gaba sai ga ta da auduga cunkus a kunnuwa biyu.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Na toshe bakin mai gardamar!"

Ita a ganinta raɗa take yi mini, alhali har masu sayar da rake a bakin tasha suna ji. Haka muka kama hanya. "Kulu! Wanga direba tuƙin jaki ya koya!" Direba na gefenta yana murmushin dole. "Kulu! Mutumin da ke kusa da ke bai yi wanka ba!" Na zungure ta, na ja mayafinta, a banza. Kuma duk da haka muna shiga kwanonin nan na kafin Birnin Kebbi ta buga wa direba cinya ya tsaya. Da ta gama ta kuskure baki, ta zare audugar ta jefar.

"Ashe daga ciki yake magana, ba ta ƙofa ba."

Ƙwayar kemis ma ta gwada, wadda ake sha tun kafin a tashi. Mai kemis ya ce ɗaya. Ita ta ce hanya biyu ce, zuwa da dawowa, ta haɗiye biyu. Ranar ban bi ta ba. Ba ta yi amai ba kam, amma a Bunza aka tashe ta, motar ta wuce Kalgo, inda za ta sauka, tun tuni. Ta dawo tana cewa maganin da zai hana ka amai ya kuma hana ka isa inda za ka, a bar wa mai shi.

To yanzu ku tambayi kanku. Matar da mota ke wa wannan wulaƙanci, me ya hana ta zaman ɗakinta? Me take nema a Kalgo kowane mako?

In kun tambaye ta, amsa ɗaya ce: "Kifi za ni saye."

Kifi! Sai ka ce ba a kawo kifi kasuwar Gwandu. Kuma duk duniya ba warin da ke tayar mata da zuciya kamar na bandar kifi. Amma tunda ta faɗa, dole ta dawo da shi. Sai a naɗe a takarda, a sa a leda, a naɗe a tsumma, a kai can ƙarshen but ɗin mota, ita kuma tana gaba da lemu a hanci tana zargin iska. Ita ko ɗanɗana shi ba ta yi. Mu muka ci kifi har yaran gida suka fara gudu in sun ji an ɗora miya.

Uwarku Balkisu ita ce 'yar farinta, kuma ita kaɗai ta rayu cikin waɗanda ta haifa. Kun san al'adarmu game da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Ana yaye Balkisu aka miƙo mini ita, ni na goya ta, ni na yi mata kitso, ni na kai ta ɗakin ubanku a Kalgo. Wasu matan suna sassautawa in shekaru sun ja. Ban da Yaya. Abin da ta riƙe ta riƙe ke nan. Har Balkisu ta haife ku duka, sunanta a bakin Yaya "ɗiyar Kulu".

Da Balkisu na da lafiya, shekara sai ta zagayo Yaya ba ta taka Kalgo ba. Bayan haihuwar autanku ne ƙafafun uwarku suka fara kumburi, asibiti suka ce ƙoda ce. Makon da aka faɗa mana, makon Yaya ta fara sha'awar kifi.

Ku manyan kun ga yadda take yi. Za ta shigo gidanku fuska a yamutse saboda wahalar hanya, ta zauna bakin ƙofar ɗaki ta ba gadon rabin baya, ta kama yi mini magana.

"Kulu, tambayi ɗiyarki ko ta sha maganin safe."

Balkisu daga kan gado ta ce, "Na sha, Inna."

"Kulu, gaya mata an ce ta bar gishiri. Na ga kwanon miya ƙarƙashin gado."

"Na yara ne, Inna."

"Kulu, gaya mata ƙarya ba kyau ga mai jinya."

Ni ina tsakiya kamar tafinta a gaban alƙali. Balkisu ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta tari kuwa sai in ga hannun Yaya ya damƙe bakin tabarma, amma ba ta juya ba.

Ubanku, mutumin kirki, ya yi roƙon duniya ta zauna. Ya share ɗaki, ya sa katifa sabuwa.

"Inna, wannan wahalar ta yi yawa. Ki zauna nan har ta samu sauƙi."

"In kwana gidan suruki? Ni Hajo? Allah ya kiyashe ni. Kifi na zo saye, na biyo in sha ruwa."

Haka muka yi ta yi, damina ta wuce, sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Mu tafi da safe, mu dawo kafin magariba, ta kwanta kwana guda tana nishi, ta tashi ta fara tanadin citta na mako mai zuwa. Ta rame har zanenta na zagaya ta sau biyu. Na yi mata faɗa, kun san ni ba na tauna magana.

"Yaya, za ki kashe kanki. Ko ki kwana can, ko ki bar ni in riƙa zuwa ni kaɗai in kawo miki labari."

"Ke kin iya zaɓen kifi?"

Rannan da hantsi ubanku ya bugo wa maƙwabcinmu waya, ya ce a gaya mana mu zo yanzu. Yaya na tsakar gida tana tankaɗe. Ta aje rariyar, ta ja mayafi daga kan igiya ta fita, garin na nan a hannunta. Ba citta, ba lemu. Ni na wawuro buta da leda na bi ta.

Mota ɗaya ce ta kusa cika a tasha, tsohuwar akwala mai jarkar fetur a bayan kujera. Ba ta shinshina ba. A gidan gaba an kwantar da wani tsoho da za a kai asibiti. Direban ya san ta, ya fara sosa ƙeya.

"Inna, ki ɗan jira ta bayanmu, wurinki…"

"Buɗe baya."

Ta shiga tsakiya, tsakanin wata mai goyo da wani ƙato, ba taga, ba hanya a gabanta sai ƙeyar mutane. Tun kafin mu bar gari ta fara. Ta cika leda na miƙa mata wata. Abin ciki ya ƙare, sai ruwa mai ɗaci, sai kakari kawai. Direban ya ji tausayi ya fara rage gudu zai gangara gefe.

"Kada ka tsaya."

"Inna, ki ɗan sha iska."

"Na ce kada ka tsaya! Taka ta, ɗana. Taka."

Matar da ta shekara tana zagin direbobi kan gudu.

Mun iske Balkisu da sauran numfashi, idonta biyu. Ta dubi Yaya, mayafi duk ya ɓaci, ana riƙe da ita ta hammata, ta yi ɗan murmushi.

"Inna, yau ba kifi a kasuwa."

Yaya ta ce, "Kulu, gaya mata na sani."

Ba ta zauna bakin ƙofa ba rannan. Ta zauna ƙarshen gado, ta ɗauki ƙafar Balkisu mai kumburin nan ta ɗora kan cinyarta, tana shafawa a hankali, idonta na kan bango. Haka take har aka kira la'asar, Allah ya karɓi abinsa.

Ni na yi kuka har na shiɗe. Mata suka cika gida, kowa ni yake wa gaisuwa, don ni ce uwa a idon jama'a. Yaya na zaune gefe da carbi, ido a bushe ƙamas. Har tasowa ta yi ta dafa kafaɗata ta ce, "Ki yi haƙuri, Kulu, Allah ya ba ki dangana." Na ji wasu baƙi suna cewa wannan tsohuwa zuciyarta dutse ce. Ta kwana gidan suruki a ƙarshe, har aka yi sadakar uku, kan tabarma a tsakar gida. Katifar ba ta taɓa ta ba.

Da za mu koma, direbobin Kalgo sun ji labari, suka ba ta gidan gaba ba wanda ya yi musu. Muka wuce Birnin Kebbi, muka wuce Ambursa, tana zaune ƙyam, ido a hanya. Sai da muka shiga inda ba gari ba mutane, gonaki kawai, ta taɓa hannun direba.

"Tsaya."

Ya tsaya. Ta sauka ta nufi bayan wata sabara mai duhu, na bi ta da buta kamar kullum. Na iske ta durƙushe, goshinta a ƙasa, ta cusa bakin mayafi cikin baki don kada sauti ya fita. Ba amai take ba. Duk jikinta girgiza yake, tana dukan ƙasa da tafin hannu. Tun muna yara ban taɓa ganin hawayen Yaya ba, ko ranar da mijinta ya rasu.

Ban taɓa ta ba. Da na taɓa ta da ta haɗiye shi. Na juya mata baya na tsaya tsakaninta da hanya, na baza mayafina.

Aka jima, wani ɗan kasuwa cikin motar ya fara danna wa direba hon. "Hajiya, rana tana yi! Wane irin amai ne wannan ba ya ƙarewa?"

Na ce, "Irin wanda aka daɗe ana riƙewa. In kana sauri ga hanya nan, ƙafa gare ka."

Ya janye hannunsa daga kan hon.

Da ta gama ta miƙo hannu na zuba mata ruwa, ta wanke fuska, ta kuskure baki da ƙarfi yadda na mota za su ji, ta tofar. Ta koma wurinta, ta gyara lulluɓi, ta dubi direba da jajayen idanu.

"Kai kuma ka riƙa shiga kwana a hankali. Ka ga abin da ka ja mini."

Ya ce, "Ki yafe ni, Inna." Ina ganin ya gane. Har Gwandu kamar ƙwai ya ɗauko.

Ba ta sake shiga mota ba. In kun zo hutu takan zauna ta yi ta kallon ƙanwarku Hadiza, mai kama da uwarku, ta ce mini, "Kulu, jikarki ba ta cin abinci." Damina ɗaya ta ƙara gani. Ta rasu a ɗakinta bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki, ba ta wahalar da kowa ba, ita da ta wahalar da tasha guda.

Ban taɓa gaya wa kowa abin da na gani bayan sabarar nan ba, don da tana raye da ta ci mutuncina. Yanzu kuwa na ga kuna girma, wasunku na cewa kakarku ba ta damu da uwarku ba, kifi ya fi mata. Shi ya sa na faɗa. Ku ci gaba da dariyar auduga da rigar Alhaji, ita ma tana so a yi. Amma kada in sake jin waccan maganar a bakin ɗayanku.

Allah ya jiƙan Yaya Hajo, ya yafe mata kaifin bakinta, ya sa wahalar da ta sha a hanyar nan ta zama kaffara. Allah ya jiƙan Balkisu. Ya Ubangiji ka haɗa su gida ɗaya, inda ba tafiya tsakaninsu, ba kuma wanda za a ji kunyarsa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.